Fashin baƙi: Me ke sa sikirin ɗin AMOLED yin inuwa, kuma wane sinadari ne ake ce ma "mai masauki"?

Me ya sa waya mai tsada, wadda aka yi ta talla an ce sikirin ɗinta AMOLED ne, bayan shekara biyu ko uku sai ka ga inuwar kibod ko alamar batir ta zauna daram a gilashin ta ƙi fita, alhali ƙaramar waya mai araha tana nan ko gezau? Wannan tambayar kullum sai an yi ta a teburan masu gyaran waya a cikin Katsina da majalisu da gurup-gurup na WhatsApp, musamman yanzu da Tecno da Infinix suka fara sako AMOLED a wayoyin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya kaiwa gare su, ga kuma 'yan Landan da ake kwasowa daga Farm Center ta Kano ko Computer Village ta Legas. Wani ya ce bairos ne a yi mata filashin, wani ya ce ofdet ne ya jawo, wani ya ce cajar jabu ce, wani kuma ya rantse kamfanonin ne ke yi da gangan don ka sake sayen wata.

Yawancin wannan duk ba nan maganar take ba. Tana cikin wani ɗan shafe na sinadari da idonka ba zai taɓa gani ba, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na shafen wani abu ne da ko a kwalin wayar ba a rubuta sunanshi.

LCD daban, OLED daban

Sikirin ɗin LCD, wanda shi ne a mafi yawan ƙananan wayoyi, ba ya yin haske da kanshi. Akwai fitila a bayanshi da ke kunne koyaushe, gilashin gaba aikinshi kawai ya buɗe ko ya tare hasken. Shi ya sa in ka buɗe baƙin hoto da daddare za ka ga baƙin bai cika baƙi ba. Talabijin ɗin da ake sayar muna da sunan LED ko QLED ma duk LCD ne, fitilar bayan ce aka canza.

OLED kuma kowane ɗigo shi ne fitilar kanshi. Akwai ɗan ɗigon ja, na kore, na shuɗi, miliyoyinsu, in ana son baƙi sai a kashe ɗigon baki ɗaya. AMOLED shi ma OLED ne, sai dai kowane ɗigo yana da nashi ɗan makunni a ƙarƙashi. Abin da ke bada hasken sinadarai ne da aka gina da kabon, irin dangin da ake samu daga man fetur da kwaltar kwal, kuma duk shafe-shafen in ka tara su kaurinsu bai wuce nanomita ɗari biyu zuwa uku ba. Silin gashi ɗaya ya fi su kauri sau ɗaruruwa.

Mai masauki da baƙo

Tun 1963 wani masani Martin Pope a Jami'ar New York ya sa daskararren gutsuren wani sinadari mai suna anthracene ya yi haske da lantarki, amma sai da ya ba shi wuta ta ɗaruruwan bolt, ka ga ba abin sawa a aljihu ba ne. A 1987 ne Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak a Amurka suka fito da na'ura mai shafe biyu siriri da ta bada koren haske da wuta ƙasa da bolt 10. Daga nan aka fara lissafin OLED na gaske.

Sai dai akwai wata matsala. Sinadaran da suka fi iya bada haske mai kyau, in ka tara su su kaɗai a wuri guda a cunkushe, sai su riƙa miƙa ma juna ƙarfin har ya lalace ya koma zafi, haske ya ragu maimakon ya ƙaru. A 1989 Tang da Van Slyke da abokin aikinsu Chen suka nuna mafita: ka ɗauko wani sinadarin daban mai yawa ya zama shi ne jikin shafen, sai ka barbaɗa ɗan kaɗan na mai bada hasken a cikinshi, a warwatse. Haske ya ninka, kuma in ka canza wanda ka barbaɗa sai launi ya canza. Masu wannan ilimi suka sa ma mai yawan suna mai masauki, ɗan kaɗan ɗin kuma baƙo.

Sunan ya dace ƙwarai. Baƙon shi ake gani, shi ke fitar da ja ko kore ko shuɗi, amma bai wuce kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari ba a yawancin lokuta. Mai masauki shi ke da gidan, shi ke raba baƙi ɗaki-ɗaki kar su takura ma juna, shi ke kawo musu abinci har inda suke, in kuma gidan ya rushe to baƙo komai kyanshi ba shi da wurin zama.

Aikin da ake ɗora mishi

In ka kunna waya, daga gefe ɗaya na shafen ilektaron ne ke shigowa, masu caji na ragi, daga ɗaya gefen kuma abin da ake ce ma gurbi, wato wurin da ilektaron ya bari, mai caji na ƙari. Dole su haɗu a tsakiya. In sun haɗu sai a samu wani ɗan ƙunshin ƙarfi na ɗan lokaci, mai masauki ya miƙa ma baƙo, baƙo ya sake shi a matsayin haske. To a nan ake son abubuwa da yawa daga sinadari guda kuma wasunsu ma suna karo da juna.

Ana son ya iya ɗaukar ilektaron da gurbi daidai wa daida. In ya fi iya ɗaukar ɗaya sai haɗuwar ta taru a gefe guda na shafen, wannan wurin ya yi ta cin wuta shi kaɗai har ya ƙone da wuri. Shi ya sa yanzu a kore da ja kamfanoni suka koma haɗa masu masauki biyu, ɗaya daga dangin carbazole mai ɗaukar gurbi, ɗaya daga irin dangin triazine mai ɗaukar ilektaron.

Ana son matakin ƙarfinshi ya ɗara na baƙo, don ƙarfi daga sama yake gangarowa, in na mai masauki ya yi ƙasa sai ƙarfin ya dawo baya ya tafi a banza. Ku riƙe wannan don shi ne tushen matsalar shuɗi.

Ana son ya jure zafi. Shafen nan a daskare yake sumul irin na gilashi, kuma kowane sinadari yana da ma'aunin zafin da in ya kai zai fara laushi ya tattare ya yi ƙulalai. Wani tsohon mai masauki da ya yi suna a ɗakunan bincike, CBP, nashi ma'aunin wajen digiri 62 ne kacal, wanda kam ba zai yi aiki a waya ba. Waɗanda ake sa ma kayan sayarwa ana neman su haura digiri 100.

Sannan tsafta. Ana tace sinadarin ta hanyar dafa shi ya zama tururi a sake daskarar da shi, har sai ya wuce kashi 99.9, don ɗan datti kaɗan yana iya rage mishi kwana sosai. Da tururin ne kuma ake shafa shi a kan gilashi cikin wata katuwar tukunya da aka zuƙe ma iska, ta cikin wani siririn rariyar ƙarfe da ke ware inda ja zai sauka da inda kore da shuɗi za su sauka. Kamfanonin da suka iya wannan aikin ba su da yawa, irin su Idemitsu Kosan na Japan, Merck na Jamus, da LG Chem da Samsung SDI da Duk San Neolux na Koriya ta Kudu, kuma kowa yana ɓoye haɗinshi da takardun mallaka. Wannan yana cikin abin da ya sa sikirin ɗin asali yake da ɗan karen tsada, ba duka laifin ɗan kasuwa ba ne.

Lissafin kashi 25 da kashi 75

Duk sanda ilektaron da gurbi suka haɗu sau huɗu, sau ɗaya ne kawai ake samun irin ƙunshin ƙarfin da ke zama haske nan take. Sauran ukun wani iri ne mai nawa, wato mai jinkiri, wanda a sinadaran farko zafi kawai yake zama. Wato kashi 75 na cajin da ka sha wahalar samu, ko a wurin mai cajin waya ko a sola, yana tafiya a banza.

A 1998 Marc Baldo da Stephen Forrest na Jami'ar Princeton tare da Mark Thompson na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka nuna in baƙon yana ɗauke da ƙarfe mai nauyi a tsakiyarshi, da farko filatinom daga baya iridiyom, to har waɗancan ukun ma za su zama haske. Kusan kashi 100 ke nan. Kamfanin Universal Display da ke New Jersey shi ya riƙe wannan fasahar, kuma ja da koren da ke cikin manyan wayoyi yau da ita suke aiki. A 2012 kuma Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu a Japan ya fito da wata hanyar ta cimma haka ba tare da ƙarfe mai tsada ba.

Amma kowace irin wannan nasara sabon nauyi take ɗora ma mai masauki, don yanzu dole ya riƙe wancan ƙarfin mai nawa ba tare da ya bari ya zube ba, kuma ba tare da shi kanshi ya karye ba.

Shuɗi shi ne ciwon kai

Hasken shuɗi ya fi ja da kore ƙarfi. A ma'aunin da masana ke amfani da shi ja yana wajen 2.0, kore wajen 2.4, shuɗi wajen 2.7. Tun da mun ce mai masauki sai ya ɗara baƙonshi, to na shuɗi sai ya kusa 3, kuma wannan ya kusa kai ƙarfin da ke riƙe da gaɓoɓin sinadarin shi kanshi. Abin ya fi muni in ƙunshin ƙarfi biyu suka yi karo, sai ƙarfin ya taru a kan ƙwaya ɗaya ya tsinka ta. Gutsattsarin da suka rage ba sa tafiya ko'ina, suna nan cikin shafen suna tare caji suna shanye haske. Kullum kaɗan-kaɗan, ɗigon yana dusashewa.

Saboda haka har yanzu shuɗin da ke cikin kusan duk wayar da ke hannun mutane da tsohuwar hanyar nan mara riba yake aiki, kuma mai masaukinshi daga dangin anthracene ne, wancan dai na 1963. An yi mishi dabarar da ke sa ƙunshi biyu masu nawa su haɗu su bada ɗaya mai amfani, ribar ta ɗan ƙaru, amma bai kamo ja da kore ba. Shi ya fi shan batir kuma shi ya fi saurin tsufa.

In kana son ka gani da idonka, ka roƙi mai gyaran da ke da madubin ƙara girma ya ɗora maka farin shafi na wayar Samsung a ƙarƙashi. Za ka ga ɗigogin ba girmansu ɗaya ba, koren ƙanana ne kuma sun ninka sauran yawa, shuɗin ya fi kowa faɗi. Da gangan aka faɗaɗa shi don a raba mishi nauyi ya daɗe.

To inuwar da muke gani ita ce wannan. Inda alamar batir da agogo da maɓallan TikTok suke zaune awa da awa kullum, ɗigogin wurin sun tsufa daban da na maƙwabtansu, launi uku kuma ba tare suke tsufa ba, shi ya sa tsohuwar waya farinta ke komawa ruwan ɗorawa ko ruwan hoda. Ba bairos ba ne jama'a. Filashin ba ya gyara shi, fomatin ba ya gyara shi, manhajojin nan masu walƙiya da launuka da ake cewa suna goge inuwa iyakarsu su tsofar da sauran sikirin ɗin ya yi kusa da wurin da ya lalace. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai wanke maka inuwa ta gaske, bai faɗa maka gaskiya ba.

Koren layi da baƙin tawada wani abu ne daban

A nan mutane ke cakuɗa magana. Siririn koren layi ko mai ruwan hoda da ke tsagowa daga sama har ƙasa ba tsufan sinadari ba ne, matsala ce ta hanyoyin wutar da ke kai saƙo ga jerin ɗigogi, ko ta ɗan guntun da ke sarrafa sikirin ɗin. A Indiya an yi ta ƙorafi a kai, da yawa suna cewa bayan ofdet ya fito musu, har a 2023 kamfanin OnePlus ya yi alƙawarin canza sikirin kyauta ga waɗanda abin ya shafa a can.

Shi kuma baƙin tabon nan da ke farawa ƙarami bayan waya ta faɗi yana yaɗuwa, wanda muke cewa tawada ta fashe, babu wata tawada a ciki. Sinadaran nan ba sa shiri da danshi da iska ko kaɗan, an lulluɓe su ne ruf, in rufin ya tsage iska ta shiga sai ɗigogi su yi ta mutuwa daga bakin tsagar zuwa ciki.

Shin da gangan suke yi?

Masu wannan zargin suna da abin kamawa, don kamfani yana sane sarai da cewa OLED yana tsufa, kuma yawancinsu ba sa saka inuwa cikin garanti, sannan kowace shekara gasar ƙara ƙarfin haske suke yi alhali sun san haske ne ke cinye shi. Ni ma ina ganin ya kamata a riƙa faɗa ma mai saye wannan ƙarara, ba a bar shi ya gano da kanshi bayan ya kashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa ba.

Amma cewa suna da maganin suka ɓoye, wannan ban yarda ba. Duk kamfanin da ya fara samun shuɗi mai riba kuma mai ɗorewa zai kwashe kasuwar ne gaba ɗaya, kuma sama da shekara ashirin ke nan ana zuba kuɗi ana nema. Abin da aka samu zuwa yanzu dabaru ne na rage ciwon. A ƙarshen 2021 LG Display ya sanar da OLED EX, inda aka cire haidirojin na cikin sinadaran aka sa ɗan uwanshi mai nauyi, dutiriyom, wanda gaɓarshi da kabon ta fi wuyar tsinkewa, suka ce haske ya ƙaru har zuwa kashi 30. A 2024 Apple ya fito da iPad Pro mai hawa biyu na shafen haske, kowane hawa ya ɗauki rabin aikin. Kamfanonin Sin irin su BOE da Visionox da Tianma kuma su suka karyo farashi har AMOLED ya iso wayoyinmu.

Wani abin da ke min ciwo a nan shi ne, zanen irin waɗannan sinadarai a kwamfuta ake fara shi kafin a shiga ɗakin gwaji, kuma muna da ɗalibai masu kaifin kai a sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma da za su iya koyon wannan lissafin, amma da yawansu ba a taɓa nuna musu cewa darasin da suke haddacewa shi ne ke haskawa a tafin hannunsu ba.

Mu da ke cikin zafi

Abu biyu ke gaggauta tsufan nan, ƙarfin haske da zafi, kuma mu duka biyun muna da su. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40, rana kuma tana da ƙarfin da dole ka ƙure hasken waya kafin ka ga rubutu. Lissafin kuma ba ɗaya da ɗaya ba ne, in ka ninka haske sau biyu, kwanan sikirin raguwar da zai yi ta wuce rabi. Ɗan acaba ko mai Keke Napep da ya maƙala waya a rana tana kunne, ko wanda ya bar ta a gaban gilashin mota, ko mai kallon bidiyo tana jone a caji ta yi zafi ɗau, duk suna ƙara ma shuɗin nan nauyi. Ka bar hasken a kan mai daidaita kanshi, ka rage lokacin da sikirin ke ɗauka kafin ya kashe kanshi in ba a taɓa shi ba, ya isa.

Maganar baƙin shafi kuma, wato saitin nan da ke mai da farin shafin waya baƙi don rage shan batir, eh yana taimakawa amma ba yadda ake zuzutawa ba. Binciken Jami'ar Purdue na 2021 ya nuna in hasken yana kashi 30 zuwa 50 abin da za ka tsira da shi na batir kashi 3 zuwa 9 ne kawai, sai in a ƙure yake ne ragin ke kai kashi 39 zuwa 47. A LCD kuwa kusan babu wani ragi tunda fitilar baya tana kunne.

Masu gidan kallon ƙwallo, shawarata kar ku sayi talabijin OLED don wannan sana'ar duk da kyan hotonshi. Tambarin tasha da akwatin sakamakon wasa a wuri ɗaya suke zama kullum. Ƙari a kan haka, irin na LG yana yin wani ɗan aikin daidaita ɗigogi bayan an kashe shi da rimot yana jone da wuta, to mu da ake ɗauke wuta ba sallama ko a kashe janareta kai tsaye, ba ya samun wannan damar.

In za ka sayi ta hannu ko ka canza sikirin

Kar ka duba waya 'yar Landan da hoton fure mai launi, ba za ka ga komai ba. Ka buɗe shafi mai ruwan toka zalla, ka sa hasken a tsakiya, ka shiga inuwa ka duba sama wurin agogo da ƙasa wurin kibod. A Samsung in ka danna *#0*# zai buɗe maka wurin gwajin ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. In ka ga inuwa ba wai wayar ta mutu ba ne, za ta yi aiki, amma a rage maka kuɗi don gaba za ta yi ba baya ba.

Wurin canji kuma akwai na asali, akwai wanda aka ciro daga wata wayar, akwai kwafin OLED, akwai kuma wanda masu gyara ke ce ma insel, wanda shi LCD ne kawai aka yanka daidai girman wayar. Insel ya fi araha nesa ba kusa ba, ba ya yin irin waccan inuwar, amma ya fi kauri, ya fi shan batir, launinshi ba ya kai na asali, kuma in wayarka a cikin sikirin take karanta yatsa to yawanci ka yi sallama da wannan. Ba laifi ba ne mutum ya sa shi in abin da aljihunshi ya iya ke nan. Laifin shi ne a sa maka insel a karɓi kuɗin OLED, kuma masu gyara na kirki da muke da su da yawa a garin nan sukan jera maka su a kan tebur kowane da farashinshi ka zaɓa. Kafin ka biya ka buɗe baƙin hoto ka rufe wayar da tafin hannu ka leƙa, in ka ga baƙin yana ɗan haske-haske to akwai fitila a baya, LCD aka sa maka.